Haruffa Goma a Gurbin Takwas

Kunnena na hagu ya riga ni yin ritaya, amma har yanzu wani lokaci da sassafe nakan ji jiniyar masaƙa a cikinsa, in zabura ina laluben ɗankwali. Sai na zauna a bakin gado sannan nake tuna cewa jiniyar nan ta yi shiru tun jikata ba ta fara tafiya ba. Wanda bai zauna a ƙetaren kogi a wancan zamani ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Ba ruwanmu da agogo. Jiniyar farko ta ce a tashi, ta biyu ta ce a fito, kafin ta uku hanyar da ta taso daga Nasarawa zuwa Kakuri ta cika maƙil da kekuna, ƙararrawa na ta kaɗawa, masu waina da ƙosai sun jeru a gefe, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan sirdi. Mutanen Filato da na Binuwai, Ibo da Yarbawa da Hausawa da mu 'yan kudancin jiha, hanya ɗaya muke bi, kuma in keke ya taka ƙafar wani, da Hausa ake zagin juna a wuce. Yanzu in ka bi ta wajen, ciyawa ta fi mutum tsawo a inda manyan motoci ke lodin atamfa, awaki na kiwo a gindin ƙofa, rabin kwanon rufin ma an kwashe. In keke-napep ya bi da ni ta can, ɗaya gefen nake kallo.

Ba kangon masaƙar ne ya tayar mini da wannan labari ba. Jikata ce. Ta gama makarantar jinya, tana zaune a ƙofar ɗakina tana cike takardar neman aiki a waya, don yanzu takarda ma ba takarda ba ce. Ta zo wurin ƙabila, aka jero mata sunaye ta zaɓa, namu ba ya ciki. A can ƙasa an sa “sauransu” da ɗan gurbin da mutum zai rubuta da kansa. Na gan ta tana shirin danna Hausa, na ce me ke nan. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, “Haba Kaka, ai duk ɗaya ne. Wa zai duba?” Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na rufe, don maganar nan tawa ce. Ni na fara faɗinta, kuma ban kai shekarunta ba a lokacin.

Na zo Kaduna daga ƙauye da takardar shaidar koyon tafireta da akwatin kwano guda. A Nasarawa na sauka, wajen yayar babana, wadda kowa ke kira Mama. Ɗaki ɗaya muke da shi a gidan haya mai cike da jama'a. Kafin jiniyar farko na je famfo na dawo sau uku, na share tsakar gida, na hura gawayi, na ɗora mata tukunyar masara a ka, don dafaffiyar masara da kunu take sayarwa a gindin wani mangwaro daura da ƙofar masaƙa. Yaran yanzu in ruwa bai zo ba sai su zauna su jira mai kurar ruwa, mu kuwa kurar mu ce. Mama ba ta iya karatu ba, ko sunanta ba ta iya ganewa a takarda, amma tana jin tsoron rubutu kamar yadda wasu ke tsoron wuƙa. Ranar da aka ɗauke ni aiki a ofishin ma'aikata na masaƙa, ba ta yi guɗa ba. Cewa ta yi, “Duk abin da kika rubuta a kan mutum, ki tabbata za ki iya karanta masa shi ido da ido.” Na ce to, a raina ina cewa tsohuwa ba ta san aikin ofis ba.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki ce. An yi zaɓe, an sa ranar miƙa mulki, amma ba wanda ya saki jiki, kowa na cewa sai mun gani. Masaƙa kuwa ba ta hutawa, don kowace ƙungiya tana son anko na bikin, kuma shuɗi aka fi nema. Ni ina watannin gwaji, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ina da kujera, ina da fanka a kaina, ina da baƙar tafireta mai ƙararrawa da ke cewa “tin” in na kai ƙarshen layi. A lokacin ne aka fito da sabon tsari, wai kowane ma'aikaci zai riƙa maƙala katin shaida a ƙirji, da hotonsa da sunansa da sashensa, sai layi na ƙarshe: ɗan ƙasa a sa ƙabilarsa, baƙo a sa ƙasarsa. Daga hedikwata a Legas aka aiko da katunan, daidai yawan ma'aikata, ko ɗaya bai yi rara ba. Daga ranar Litinin wanda ba shi da kati ba ya shiga, mu 'yan ofis ne kaɗai aka ɗaga mana zuwa ƙarshen mako. Aikina shi ne in buɗe fayil ɗin mutum, in kwafi abin da na gani.

Shugaban sashen rini wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, wanda hannayensa suka rine har wuyan hannu, sabulu ya gaji ya bar su. Baba Shuni muke ce masa. Ya fi shekara goma a masaƙar, yana salla da ma'aikata, ya iya Hausa sosai, sai dai muryarsa a miƙe take, ba ta hawa ba ta sauka. Mu a wurinmu Ba'indiye ne, iyaka. Duk mai irin fatarsa da gashinsa Indiyawa muke ce musu, kuma da yake mun ƙoshi da finafinansu a silima, gani muke mun san su ciki da bai. In ya wuce, 'yan mata kan jefa masa kalmomin da suka tsinto a fim, shi kuma ya amsa da “sannunku” ya yi gaba. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa ba ya murmushi ba.

Ranar rabon kati ya karɓi nasa a tagar ofis, ya matsa gefe, sai ya dawo. Layi na bayansa.

“'Yata, ke kika buga wannan?”

“Ni ce, Baba. Hoton ne bai fito ba?”

“Hoto ya yi. Layin ƙarshen nan ne ba nawa ba.”

Na duba. Pakistan na buga, yadda na gani a fayil. Na gaya masa haka. Ya ce fayil ɗin ya tsufa, lokacin da ya zo haka ne, amma yanzu ƙasarsu tana da sunanta, Bangladesh, kuma su Bangali ne. Ni ko a mafarki ban taɓa jin sunan ba. Ga zafi, ga layi, ga 'yan uwana 'yan mata suna kallo. Na yi dariya na ce, “Haba Baba, Indiya, Pakistan, da wannan da ka faɗa, ai duk ɗaya ne. Wa zai duba?”

Ya dube ni. Ya ce, “Ke Bahaushiya ce?”

Na ce, “A'a.”

“Amma ga shi Hausa kike yi mini. Da Hausa kuke waƙa a coci, ina jin ku ranar Lahadi. Ai duk ɗaya ne.”

Layin ya fashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse. Ba don ina ƙin Hausa ba, da ita nake addu'a, da ita nake wannan rubutu, da ita zan yi wasiyya. Amma mutanen babana suna da sunansu. Kuma abin da ya fi ci mini rai, wanda Baba Shuni bai ma sani ba, shi ne a fayil ɗina Kaje aka rubuta, sunan da wasu suka laƙaba mana, wanda ban taɓa jin babana ya kira kansa da shi ba. Mu Bajju muke ce wa kanmu. A makon nan kaɗai na buga Kaje a katunan 'yan garinmu da yawa, ko a jikina. Baba Shuni ya ajiye katin a bakin taga a hankali, ya ce a gyara masa, ya tafi.

Na kai wa Oga, shugaban ofishinmu. Mutumin Filato ne, tsohon soja, ya baro aikin bayan yaƙin basasa da ɗingishi a ƙafar dama. Ba ya cin hanci, ba ya zagi, ba ya kuma lanƙwasuwa. Ya ce abin da ke fayil shi ne gaskiya har sai Legas ta ce ba shi ba ne, wasiƙa zuwa Legas kuma wata uku ce in an yi sa'a. Ya ce babu wani katin, ya ce sunan ma ba zai shiga ba, don akwatin da aka ja a layin gurbin harafi takwas ne. Da ya gama da dalilan ofis, sai na gaskiyar ya fito. “Ɓallewa suka yi, ko ba haka ba? Mu ma an gwada mana a nan. Ƙanena yana can kwance a gabas, ko kabarinsa ban gani ba. Ba ni zan sa wa ɓallewa hannu ba.” Ya ƙara da cewa doka a fili take, wanda ya yi kwana biyar bai shiga aiki ba, shi ya kori kansa.

Ranar Litinin da jiniya ta biyu Baba Shuni ya iso a kekensa, riga a goge, kwanon abinci mai hawa uku a rataye. Maigadi ya miƙa masa katin nan mai Pakistan da Oga ya aika ƙofa, Baba ya girgiza kai. Ya jingine keke a gindin mangwaron Mama, ya tsaya yana fuskantar ƙofa har jiniyar tashi. Bai yi wa kowa hayaniya ba, bai kuma koma gida ba. Ranar Talata aka wuni ana ruwa, ya buɗe lema ya ci gaba da tsayuwa. Mama ce ta gaji da ganinsa a tsaye ta tura masa bencinta. Ni ta taga nake hango shi, duk harafin da na buga sai in ji kamar a kansa nake bugawa. Wasu na cewa taurin kai ne, mutum zai zubar da aikin shekara goma saboda kalma ɗaya. Ni ma haka na so in ɗauka, don ya fi mini sauƙi.

Ranar Laraba da hutun rana na kasa daurewa, na fita kamar masara na zo ci. Ya buɗe kwanonsa, shinkafa da kifi, ya ce a ƙasarsu in babu kifi ba a ci abinci ba, kogunansu sun fi hanyoyinsu yawa. Mama ce ta tambaye shi kai tsaye, ta ce Baba, wai mene ne a cikin kalmar nan.

Ya ce, “Labarin da nisa. Tun zamanin Turawa, kakannina sun ƙi baba.”

Mama ta dafe ƙirji. “Yesu! Sun ƙi ubansu?”

Ranar na fara ganin haƙoran Baba Shuni. Ya yi dariya har da tari, ya ɗaga mata hannayensa. “Baban rini, Mama, baban rini.” Ya ce Turawa ne suka tilasta wa manoman ƙasarsu shuka baba a gonakin shinkafa, don a kai shuni Turai. Baba ba a cinsa. Yara na kwana da yunwa, iyaye na da shuɗin hannu. Sai ƙauye bayan ƙauye suka yi rantsuwa ba za su ƙara shuka shi ba. An yi duka, an ɗaure, an ƙone rumbuna, ba su shuka ba. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, “Ga ni jikansu, da shuni nake cin abinci. Amma da son raina nake yi.”

Ya ci gaba a hankali, yana cire ƙayar kifi. Ya ce da Turawa za su tafi sai aka tsaga ƙasar, aka haɗa ɓangarensu da wasu mutane masu nisa, wata ƙasa guda a tsakaninsu, don kawai addininsu ɗaya. Ba a jima ba aka ce harshensu ba zai zama na hukuma ba, ba a ofis ba, ba a jarrabawa ba, alhali sun fi yawa. Ɗalibai suka fito titi saboda harshen uwarsu, aka harbe wasu, shi yana saurayi a lokacin. Shekaru suka wuce, ya zo Kaduna neman abinci. Aka yi zaɓe a can, kamar wanda muka yi, mutanensu suka ci, soja suka ce a'a. Daga nan sai yaƙi. Wata tara yana nan yana manna kunne a rediyo da hutun rana, ba wasiƙa ko ɗaya. Da wasiƙa ta zo, cewa ta yi an sami ƙasa, kuma soja sun shiga makarantar da ƙanensa ke koyarwa sun tafi da shi. Tabaransa kawai aka tsinta a bakin kogi.

“Sunan da ke katin nan,” in ji shi, “shi ne a kafaɗar waɗanda suka tafi da shi. Ba na ƙin mutanen can, akwai na kirki, akwai ma wanda muke sahu ɗaya a masallacin nan. Amma a ce in rataya sunan a kan zuciyata kullum in wuce ta ƙofar nan, a'a.”

Mama ta ce, “To yanzu da kuka samu ƙasar, an huta?”

Ya ce ba a huta ba, can ma soja sun hau kujera, nasu na gida a wannan karon. Mama ta ce to me aka ci. Ya ce, “Yanzu in zan yi faɗa da su, da harshena zan yi, kuma da sunana. Ku ma in an ba ku naku ranar nan, ku riƙe da kyau.”

Na ce, “Baba, jibi za su kore ka.”

“Na sani, 'yata. In na koma gida hannu Rabbana, matata za ta yi kuka. In na koma da katin nan a ƙirji, ba za ta buɗe mini ƙofa ba.”

Da yamma ina wanke tukunyar masara a bakin kwata, Mama ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Kin iya karanta masa abin da kika rubuta?” Ta wuce ɗaki. Na ji haushinta ƙwarai a lokacin.

Ranar Alhamis shuɗin ya ɓaci. Mataimakan Baba sun bi awon da ke littafi, amma atamfar ta fito dabbare-dabbare, wani wuri duhu wani wuri kamar ruwan wanki. Muna jin manajan masaƙa yana yi wa Oga tsawa ta bayan ƙofa. Ni kuwa ina juya littafin dokokin ofis, na ci karo da wani layi da na taɓa karantawa ban kula ba. In kuskure na fayil ne, sai Legas. In kuskuren tafireta ne, sa hannun Oga ya isa a gyara, amma mai tafireta za ta sha takardar gargaɗi. Wadda ke watannin gwaji kuma, takardar gargaɗi ɗaya ta raba ta da kujerar ofis, sai dai a mai da ita cikin injinan saƙa. Na karanta sau uku ko zan ga wata ƙofa, babu. Batun kati kuwa, akwai guda ɗaya fari tas a cikin durowata. Nawa ne, don mai tafireta nata take bugawa a ƙarshe.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji tsoro ba. Na tuna babana da ya sayar da akuyoyi don in koyi tafireta, na tuna yadda ake nuna ni a coci ana cewa ga 'yar ofis. Amma na riga na ji labarin tabarau, kuma abin da kunne ya ji ba a mai da shi. Ranar Juma'a da safe na tsaya gindin mangwaro na ce Baba ya ara mini fasfonsa. Bai tambaye ni dalili ba, ya ciro daga aljihun riga ya ba ni.

Malamar da ta koya mana tafireta ta taɓa nuna mana wata dabara, ta ce ta ranar wuya ce. In kalma ta fi gurbi, sai ki riƙe kan tafiretar da ke tafiya da takarda da hannun hagu, ki hana shi cika takunsa, ki tura shi kaɗan baya, ki buga harafi da yatsa ɗaya, ki sake riƙewa. Na gwada a tsohuwar takarda har ta cika, wani harafi ya hau wani, wani ya fice daga akwati. Da na ga hannuna ya daidaita, na sa katina a ciki. Gumi na bin bayana duk da fanka. Na buga sunansa, na buga sashensa, na sauko layin ƙarshe. Harafi ɗaya, in riƙe, in numfasa, in buga na gaba. Na goman ya zauna daf da layin akwati, bai taɓa shi ba. Na ciro hotonsa daga tsohon katin da maigadi ya dawo da shi ofis na maƙala a sabo, na ɗauki fasfo, na ƙwanƙwasa ƙofar Oga.

“Oga, gyara na kawo. Kuskuren tafireta ne.”

Ya karanta, ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi. “Kuskuren tafireta? Kalma guda cur?”

“Harafi takwas, Oga. Duka kuskure ne.”

“Kin san abin da zai biyo baya?”

“Na sani.”

“Wa ya sa ki?”

“Ba kowa. Mutum ya zo taga ya faɗa mini gaskiya, na yi masa dariya. Wannan ba laifin fayil ba ne, nawa ne.” Sai na ƙara da abin da ban shirya faɗa ba. “Oga, shi ma bai ga kabarin ƙanensa ba.”

Ya buɗe fasfon ya rufe. Ya tambayi inda na samo kati, na ce nawa ne. Ya jawo biro ya ce, “Ba ƙasarsa na sa wa hannu ba. Kuskurenki na sa wa.” Da biron nan dai ya rubuta takardar gargaɗina, bai rage mini ko wasali ba, kuma har ya mutu ina ganin girmansa saboda haka. Ya turo mini tsohon katin Baba ya ce in buga nawa a bayansa, don babu wani.

Na fita da katunan biyu ana hutun rana. Na tsaya a gaban Baba Shuni, Mama na kallo, na karanta masa sabon katin da ƙarfi daga sama har ƙasa. Ya karɓa, ya bi haruffan da shuɗin yatsansa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na sauka cikin gemunsa, bai share ba. Ya maƙala a ƙirji. Sai ya ga ɗayan a hannuna, na yi masa bayani. Fuskarsa ta canja. Ya ce, “Ba za ki rataya wannan sunan don ni ba. Jira ni nan.” Ya bar kekensa, ya wuce ta ƙofa, maigadi ya ƙame masa. Bai daɗe ba ya fito da babban yatsansa a jiƙe da rini, ya karɓi katin, ya danna a kan kalmar nan ya riƙe. Da ya ɗaga, babu komai sai shuɗi.

Abu na ƙarshe da na buga a tafiretar nan shi ne katina. Fayil a buɗe a gefena yana cewa Kaje, na buga Bajju. Oga ya duba ya ce, “Wani kuskuren ne kuma?” Na ce, “A'a Oga, wannan daidai ne.” Ya sa hannu. Da na zo wucewa da shi a ƙirji, maigadi ya tsayar da ni ya ce, “Bajju? Sabuwar ƙabila ce?” Na ce masa tsohuwa ce, rubutun ne sabo.

Soja suka miƙa mulki kamar yadda suka ce, aka sa ankon shuɗi aka yi rawa a titi, ni kuwa na koma cikin injinan saƙa. Wanda bai shiga ba bai san ƙara ba. Ba a magana a ciki, leɓe ake karantawa, auduga na shiga gashi da hanci, in kin fito kunne na ta kuka har ki kai gida. Na yi kuka a watannin farko, na yi sosai, Mama kuma ba mai rarrashi ba ce, sai dai ta ƙara mini masara. Ban sake komawa ofis ba. A can na yi shekarun aikina, a can na bar kunnena na hagu. Na yi asara, ban ɓoye ba, kuma da za a mai da ni gaban tafiretar nan, haka zan sake riƙe kanta. Baba Shuni ya ƙara 'yan shekaru ya koma gida, tun daga nan ban ji labarinsa ba. Farar hular da aka yi wa rawa ma ba su daɗe ba soja suka dawo, na tuna maganarsa, na ce to, da sauran aiki.

Duk wannan ban faɗa wa jikata a ranar ba, don yaran yanzu in labari ya wuce minti biyu sai ido ya koma waya. Tashi na yi na buɗe akwatin kwanon da na zo da shi Kaduna, na ciro katin daga cikin Littafi Mai Tsarki, na sa mata a hannu. Ta ga hotona ina yarinya ta yi dariya, ta karanta layin ƙarshe, dariyar ta tsaya. Na ce ta juya. Ta daɗe tana kallon shuɗin yatsan, ta ce, “Kaka, mene ne a ƙarƙashin nan?”

Na ce, “Sunan da ba na mai shi ba.”

Na juya mata kunnena na dama ko za ta ƙara magana. Ta ɗauki wayar, ta gangara har can ƙasa, ta danna “sauransu”, ta rubuta. Haruffa biyar ne kacal, ko matse su ba ta yi ba.